Kai Kukan 'Yan Rabin Aji Majalisar Tarayya: Wa Za A Gani, Yaushe, Da Me A Hannu

Lokaci zuwa lokaci ƙungiyoyin iyaye da malamai da masu fafutukar ilimi sukan ware rana guda su ɗunguma zuwa Majalisar Tarayya a Abuja, domin su yi wa 'yan majalisa magana a kan karatun ƙananan yara, wato 'yan rabin aji da waɗanda ba su ma kai shiga rabin ajin ba. Yawancin irin wannan ziyara takan ƙare ne da hoto a bakin ofis da alkawarin "za mu duba". Ba kullum ne laifin ɗan majalisa ba. Sau da yawa baƙin ne suka zo da damuwa, ba su zo da buƙata ba. Wanda ya ce "ilimin yara ya lalace" ya faɗi gaskiya, amma bai bar wa Onarabul wani abin da zai sa wa hannu ba.

Abu na farko da ya kamata tawaga ta sani shi ne doka ta riga ta kasance a gefenta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda ta kafa UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, da ta zo bayanin abin da ake nufi da ilimin tushe, ta haɗa da reno da karatun ƙananan yara, sannan shekara 9 na firamare da ƙaramar sakandare. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ƙara fito da abin fili: shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara 5 kafin ya shiga aji ɗaya, a cikin makarantun firamare na gwamnati. Manufar ta kuma ƙayyade cewa malami ɗaya ya riƙe yara 25 a ajin share fage, mai reno ɗaya kuma jarirai 10. Akwai ma manufar kula da ƙananan yara ta 2007, wadda ta haɗa lafiya da abinci da karatu wuri guda. Saboda haka wanda ya shiga ofishin sanata yana roƙon "a yi doka" ya nuna bai yi shiri ba, kuma mataimakin da ke zaune a gefe zai gane haka nan take. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗi da malamai da bibiya.

Kuɗin ma yana da hanyarsa, kuma dole a san ta. Dokar 2004 ta ware wa UBEC aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun bai ɗaya na kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya. Kaso mafi girma daga ciki ana raba wa jihohi 36 da Abuja ne a matsayin tallafin haɗin gwiwa: jiha ba ta taɓa nata sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta, ta kuma kawo tsarin ayyukan da za ta yi. A tsarin rabon da UBEC ta daɗe tana aiki da shi, kashi 5 cikin 100 na wannan tallafi ne na ajin share fage, 60 na firamare, 35 na ƙaramar sakandare. Daga nan matsala biyu ke tasowa. Idan jiha ba ta biya nata kason ba, kuɗin yana nan kwance, har da ɗan abin da 'yan rabin aji za su samu. Idan kuma ta biya, ba lalle ba ne a ga alamar kashi 5 ɗin a ƙasa, domin cikin sauƙi yake narkewa a kwangilar gyaran ajujuwa gaba ɗaya. Tambayar da ke sa shugaban kwamiti ya gyara zama ita ce: a tsarin ayyukan bara, wane layi ne na share fage, nawa aka sa, kuma a waɗanne makarantu aka kashe?

Sai batun wa ke da iko da me. Nan ne tawaga da yawa ke ɓata ranarta. Firamare a tsarin mulkin 1999 aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Sanata daga Filato ko Kano ba shi ne ke ɗaukar malamin rabin aji a jiharsa ba, ba kuma shi ke biyan sa ba. Wannan na SUBEB ne, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, da ƙananan hukumomi da majalisar dokokin jiha. Abin da Majalisar Tarayya ke iya yi wa jihohi shi ne gyara dokar UBEC, amincewa da kasafinta, da kiran jami'anta su yi bayani a ƙarƙashin ikon bincike da sashe na 88 da na 89 suka ba ta. An sha gabatar da ƙudirin ƙara kason nan na kashi 2, kuma duk lokacin da irinsa ke gaban kwamiti, dama ce ta neman a rubuta rabon share fage a cikin dokar kanta maimakon a bar shi a ƙa'idojin hukuma da ake iya sauyawa a ofis.

Abuja kuwa nata daban ne, kuma mazauna birnin da yawa ba sa amfani da wannan. Babban birnin tarayya ba shi da majalisar dokokin jiha. Bisa sashe na 299, Majalisar Tarayya ce majalisar jiharsa, ita ke amincewa da kasafin kuɗinsa, wanda ake kawowa daban da na ƙasa. Ke nan idan maganar ajin share fage ce a Kuje ko Kwali ko Abaji, kwamitocin babban birnin tarayya na Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun fi kusa da kuɗin fiye da kwamitin ilimi. Birnin yana da sanata ɗaya da 'yan Majalisar Wakilai biyu, ɗaya na AMAC (ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja) da Bwari, ɗaya na Abaji da Gwagwalada da Kuje da Kwali. Albashin malaman firamare kuma yana wuyan ƙananan hukumomin nan shida, abin da kowa ya gani a 2025 lokacin da malaman suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a kan sabon mafi ƙarancin albashi. Tawagar da buƙatarta ita ce a ɗauki malamai, ba ta gama aiki ba sai ta ga shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilimi, ko da ta ga sanata.

Lokaci ya fi yawan jama'a muhimmanci. Majalisa tana zaman zaure ne Talata da Laraba da Alhamis. Litinin da Juma'a ofisoshi da yawa mataimaka kawai ake samu, masu ofis suna mazaɓa ko kan hanya. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba akan tafi dogon hutu, ga hutun salla da na Kirsimeti da na Ista. Cikin kwanaki ukun, Laraba ta fi, domin Talata wasu ba su gama isowa ba, Alhamis da rana kuma hankali ya koma filin jirgi. A cikin yinin ma akwai taga biyu: da safe kafin a shiga zaure, ko bayan an tashi, wanda ba wanda ya san sa'arsa. Ta safe ta fi tabbas.

A shekara kuma, lokacin da magana ke da nauyi shi ne kafin kare kasafin kuɗi, wato makonnin da ma'aikatu da hukumomi ke zuwa gaban kwamitoci suna bayanin abin da suka kashe da abin da suke nema. Takardar da ta isa hannun ɗan kwamiti mako ɗaya ko biyu kafin UBEC ko hukumar ilimin bai ɗaya ta Abuja ta bayyana, tana iya zama tambayar da zai jefa wa shugaban hukumar a bainar jama'a. Wadda ta iso bayan shugaban ƙasa ya sa hannu a kasafi sai dai ta jira baɗi. Ga masu bin ƙudirin doka akwai wani agogon: majalisa ta 10 da aka ƙaddamar ranar 13 ga Yuni 2023 wa'adinta zai ƙare a Yunin 2027, kuma ƙudirin da bai kammala ba kafin nan sai an sake shi daga karatu na ɗaya.

Shiri yana farawa mako uku zuwa huɗu kafin ranar. A rubuta wasiƙar neman ganawa a takarda mai kan ƙungiya, zuwa ga shugaban kwamiti, ta hannun akawun kwamitin. A kai ta da hannu, kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a dawo da shi. Wannan kwafin shi ne shaidar da za a nuna in aka ce ba a ga wasiƙa ba, kuma akan ce hakan. Akawun kwamiti ma'aikacin majalisa ne na dindindin, shi ke riƙe da jadawali da fayil, shi ke rubuta daftarin rahoto, kuma yana nan bayan an sauya shugaban kwamiti. Wanda ya raina shi ya yi asara. A ofishin ɗan majalisa kuma babban mataimakinsa kan harkar dokoki ne ke zaɓar takardar da za ta hau tebur. A karɓi sunansa da lambarsa, a kira shi mako ɗaya kafin ranar, a sake kira ana gobe. A tura masa sunayen 'yan tawaga yadda suke a katin shaida, harafi da harafi, domin da wannan jerin za a ba da izinin shiga a ƙofa. Sunan da aka rubuta Muhammad alhali katin ya ce Mohammed ya isa ya sa mutum ya tsaya a rana.

Yawan mutane a ɗaki ɗaya kada ya wuce huɗu ko biyar. Ofisoshin ba su da girma, kuma mutum goma sha biyu na nufin rabin lokacin zai tafi a gaisuwa da gabatarwa. Idan ƙungiya ta zo da mutum talatin, a raba su gungu-gungu, kowane da ofisoshinsa biyu ko uku. A kowane gungu a samu mutum ɗaya daga mazaɓar ɗan majalisar da za a gani, mai katin zaɓe a can, wanda zai iya faɗin gundumarsa da unguwarsa. A samu malama ko shugabar makaranta da ke shiga ajin kullum. A samu mai riƙe alƙaluma. A samu mai rubuta duk abin da aka ce. Shugaban kwamitin kula da makaranta na unguwa, ko limami ko fasto da ɗan majalisar ya sani, ya fi baƙon masani daga nesa tasiri. Malaman gwamnati su nemi izinin shugabanninsu tukuna, ko su zo ta inuwar ƙungiyar malamai, kada ziyarar alheri ta jawo musu takardar tuhuma.

Takardar da za a bari shafi ɗaya ce. A samanta buƙatar, cikin jimla guda. A ƙasa hujja daga makarantu uku zuwa biyar na mazaɓar, da sunayensu, da abin da aka ƙirga da ido: yara nawa ke rajistar ajin share fage, nawa aka tarar a ranar ziyara, malamai nawa, nawa ne cikinsu ke da takardar shaidar malanta ta NCE, nawa ne suka karanci fannin ƙananan yara a kwalejin ilimi, akwai tabarma ko ƙananan kujeru, akwai ruwa, akwai ban ɗakin da ɗan shekara 5 zai iya amfani da shi ba tare da tsoron faɗawa rami ba. A sa kwanan watan da aka yi ƙirgar. Sannan lissafi a fili. A ce aji yana da yara 80 da malama ɗaya. A ma'aunin 25 ga malami, ana buƙatar malamai huɗu, wato saura uku. Ko da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 aka yi lissafin, malami ɗaya naira 840,000 ne a shekara, uku kuma naira 2,520,000, kuma mai NCE ya fi ƙarfin wannan matakin. Ɗan majalisa yana iya jayayya da alƙaluman ƙasa baki ɗaya, yana iya cewa na wasu jihohi ne. Da wuya ya yi jayayya da makarantar da ke bayan gidan kansilansa.

Wannan lissafin yana da wani amfani. Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin ɗan majalisa ita ce zai sa ginin aji biyu a ayyukan mazaɓa. Kada a ƙi, amma a san iyakarsa. Kuɗin ayyukan mazaɓa na gini ne da sayen kaya, ba ya biyan albashi. Shi ya sa ake ganin sabon aji da fenti da allon suna, a kulle, ko kuma an mayar da shi ofishin hedimasta, 'yan rabin aji suna nan ƙarƙashin bishiya. Idan ya yi tayin gini, a nemi abu biyu tare da shi: a rubuta a sunan aikin cewa na share fage ne, da ban ɗaki da kujerun da suka dace da tsayin yara, sannan ofishinsa ya rubuta wa hukumar ilimin ƙaramar hukuma yana neman a turo malami kafin a miƙa makulli.

A ranar, masu tasowa daga Nyanya da Mararaba ko Kubwa ko Zuba su lissafa cunkoson safiya, su yi niyyar isa ƙofa sa'a ɗaya da rabi kafin lokacin ganawa. Akwai bincike fiye da sau ɗaya, akwai tafiyar ƙafa mai ɗan nisa daga ƙofa zuwa gine-ginen ofisoshi, kuma ɓangaren sanatoci daban ne da na wakilai, don haka kada a jera ganawa biyu a ɓangarori biyu da tazarar minti talatin. Kowa da katin shaidarsa na asali. Kwalaye masu rubutu da tuta a bar su a gida. Da zarar jami'an tsaro sun ga alamar zanga-zanga, maganar shiga ta canza. Ƙananan yara ma a bar su. Jira yana iya kai sa'a uku, ba wurin kwanciya, kuma ɗauko yaro don a motsa zuciyar ɗan siyasa abu ne da ban ga kyansa ba. Hoton aji ya wadatar, a ɗauka daga baya yadda fuskoki ba za su fito ba, da izinin makaranta.

A ɗauka minti goma za a samu, a shirya kamar biyar ne. Bayan "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe" da gajeriyar gaisuwa, ɗan mazaɓa ya faɗi sunansa da garinsa, ya faɗi buƙatar tun a numfashin farko, domin ana iya kiran Onarabul zuwa zaure a kowane lokaci. Malama ta ba da abin da take gani a aji, minti biyu. Mai alƙaluma ya miƙa takarda. Sai a yi shiru a saurara. Idan aka ce mai ofis ba ya nan, a zauna da mataimakin a yi masa bayanin gaba ɗaya, ba tare da nuna ɓacin rai ba. Sau da yawa shi ne zai rubuta jawabin da maigidansa zai karanta.

Akwai martani uku da ya kamata a shirya musu. Na farko, "yaranmu ai suna Islamiyya da makarantar allo tun suna shekara uku". Gaskiya ne, kuma ba gasa ake yi da su ba. Ajin share fage sa'o'in safe ne, yana koya wa yaro riƙe fensir, gane haruffa da lambobi, zama cikin aji da bin layi. Na biyu, "firamaren kanta ba ta tsaya ba, ina batun rabin aji". Amsar tana cikin aji ɗaya: inda babu ajin share fage, ƙanne 'yan shekara 3 da 4 suna bin yayyensu su cika aji ɗaya, malami ya koma reno, 'yan shekara 6 su rasa karatun da suka zo yi. Na uku, "wannan aikin jiha ne". Nan ne sanin rabon iko ke amfani, sai a nuna masa daidai abin da ke hannunsa: tambaya a zaman kare kasafi, ziyarar sa ido ta kwamiti zuwa makarantun da aka lissafa, ko layi a kasafin Abuja.

A kuma bambance irin alkawarin da aka samu. Idan ya ce zai gabatar da batun a zaure a yanke matsaya, abu ne mai sauri, yana jawo 'yan jarida, amma matsayar majalisa shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba ta tilasta kowa. Ƙudirin doka yana da dogon zango: karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, amincewar ɗaya majalisar, sannan sa hannun shugaban ƙasa, wanda tsarin mulki ya ba kwana 30. Takardar koke kuma ba a jefa ta ofis kawai. Ɗan majalisa ne ke gabatar da ita a zaure kafin a tura wa kwamitin koke-koken jama'a. Kafin a miƙe, mai rubutu ya maimaita abin da aka amince da shi da babbar murya, ya tambayi wa za a tuntuɓa da kuma yaushe.

Abin da ke rushe ziyara daga ciki kaɗan ne amma yana maimaituwa. Wani ya ga dama ta samu ya zaro takardar neman aikin ɗansa, ko ya roƙi kuɗin mota. Daga nan tawagar ta zama 'yan maula a idon ofis. Wani ya shigo da maganar jam'iyya. Wani ya ƙara gishiri a alƙaluma, mataimaki ya buga waya gida ya gano yaran 60 ne ba 150 ba, duk takardar ta mutu. A yi zaman gwaji ana gobe, a faɗi waɗannan a fili, a biya wa kowa kuɗin motarsa daga asusun ƙungiya tun kafin a fita.

Cikin kwana biyu a aika wasiƙar godiya mai ɗauke da abin da aka yi alkawari, kwafi ga akawun kwamiti. Bayan mako biyu a kira mataimakin. A riƙa duba jadawalin zaman majalisa da sanarwar jin ra'ayin jama'a a jaridu. Sanarwar kan faɗi adadin kwafin takardar bayani da ake so da ranar rufe karɓa, kuma wanda bai miƙa a rubuce ba da wuya a ba shi makirufo. Cibiyar PLAC tana bin sawun ƙudirori a shafinta na intanet, gamayyar CSACEFA kuma ta daɗe a harkar fafutukar ilimi, ƙaramar ƙungiya tana iya jingina da su. Idan kasafi ya fito, a nemo layin, a rubuta lambarsa da adadin kuɗin da hukumar da aka ɗora wa aikin. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, domin kuɗin da ke cikin kasafi sai an sake shi, an ba da kwangila, an yi aikin. Bayan wata uku ko huɗu a rubuta wa hukumar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a tambayi nawa aka saki, wane ɗan kwangila aka ba, a wace makaranta. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ko ta amsa ko ba ta amsa ba, kwafin wasiƙar mai hatimin karɓa, tare da sabuwar ƙirgar yara da malamai daga makarantun nan guda, su ne takardar da za a shiga da ita ofishin kwamiti kafin zaman kare kasafi na gaba.